Kurakuran da muke yi da tiyon zuƙa lokacin aikin haƙori

Kwanaki na leƙa wani ɗakin aikin haƙori ana yi wa wata baiwar Allah wankin haƙori, hasken fitilar kujera na dukan bakinta, sai ga wani siririn hazo yana tashi kamar ana fesa turare. Abin da ke bakin nata kawai ɗan tsinken roban nan ne mai lanƙwasa na tsotse yawu, babban tiyon zuƙa mai kama feshi kuwa yana rataye a gefe ko taɓa shi ba a yi ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Hazon nan fa ba ruwa ba ne zalla. Injin huda haƙori yana juyawa sama da sau 300,000 a minti ɗaya, ana fesa masa ruwa don kar haƙorin ya ɗau zafi, shi ma injin wankin haƙori da feshin ruwa yake aiki, to ruwan sai ya kwaso yawu da jini da dattin baki ya watso waje. Manyan ɗigon nan take suke sauka a fuska da riga, ƙananan da ba su kai maikiron 50 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya) su ne ke ta shawagi a ɗaki har bayan mara lafiya ya tafi, kai ma'aikaci da mai zuwa bayansa ku shaƙa. Mu da tarin fuka ya yi mana yawa a Najeriya ai ba sai mun jira wata korona ta dawo ba.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar tsinken yawun nan a matsayin kariya. Aikinsa kwashe ruwan da ya taru a ƙasan baki, shi kenan, iskar da yake ja ba ta taka kara ta karya ba. Mai kama feshin shi ne babban tiyo mai faɗin baki, milimita 8 ko fiye, wanda ke jan iska wajen lita 250 zuwa sama a minti, in aka riƙe shi daidai yana rage feshin da kusan kashi 90 cikin 100. A sa su duka biyun, kowa da aikinsa.

Sai kuma riƙon. Da yawa za ka ga an ɗauko tiyon amma an tsaya da shi can bakin leɓe, wai kar a tare wa likita gani, nan kuwa feshin ya riga ya wuce. Kan tiyon ya zauna dab da haƙorin da ake aiki a kai, kamar santimita 1 zuwa 2, yankakken gefen yana kallon haƙorin, kuma shi za a fara sawa kafin madubi da injin su shigo. Likita ya matsa, kai ma mai riƙe da tiyon ka bi shi. In tiyon yana cafke kumatu ko harshe, sa auduga a tsakani ka ɗan karkata shi, kar ka janye gaba ɗaya. Wannan kuma da wuya ya yiwu da mutum ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda ke riƙe da inji da madubi da wane hannun zai riƙe tiyo? Na san ma'aikata sun yi ƙaranci, amma ranar wankin haƙori dai a daure a samo mataimaki.

Akwai wata al'ada da nake so mu bari, ta cewa mara lafiya "Hajiya rufe bakinki a kan roban". In leɓe ya matse tsinken, abin da ke cikin tiyon yana iya dawowa baki, kuma abin da ke ciki ɗin ba nata ba ne ita kaɗai.

Kula da injin zuƙa ma ana sakaci. Matatar da ke cikin layin tana toshewa da gudan jini da ɓarɓashin ciko, ƙarar injin na nan yadda take amma ƙarfin ya tafi, mutum yana ta aiki bai sani ba. A cire ta a wanke kullum, a zuƙa ruwa bayan kowane mara lafiya, da yamma a bi da maganin wanke layi wanda ba ya kumfa. Garin sabulun wanki kumfarsa na lalata famfon, bilic kuma yana cin ƙarfen ciki yana sako makuri, wato zaiba mai guba, da ke cikin ragowar ciko. Sannan a duba ina iskar da injin ya zuƙa take fita, don ƙananan injinan nan masu taya wasu cikin ɗakin suke mayar da ita in ba su da matatar iska mai kyau. A ja bututun waje.

Kar kuma don akwai tiyo a sauke takunkumi ƙasan haɓa ko a ajiye tabarau. A ba mara lafiya maganin kurkure baki kafin a fara, in ciko ne a sa shimfiɗar roban nan mai ware haƙori, a buɗe taga, a kashe fankar sama lokacin aikin ko da ana zafi, don ita ke raba hazon ko'ina. In aka ɗauke wuta injin zuƙa ya tsaya amma iskar kwamfaresa mai juya injin huda haƙori ba ta ƙare ba, kar a ce bari a ƙarasa da sauri, a ɗaga ƙafa daga fedar da ke kunna injin hudar a jira janareto.