Yadda Ake Kallon Zanen Tsuntsaye

Ka fara tsayawa nesa da zanen, kamar taku 3, ka gano inda haske ya fito. Inuwar tsuntsu da ta reshen da yake kai dole su faɗi gefe ɗaya. In suka saɓa, sai tsuntsun ya zama kamar an manna shi.

Sannan ka matso ka dubi ido. Ɗan farin ɗigon da ke cikin ƙwayar idon shi ke ba tsuntsu rai, in babu shi sai ka ga kamar mushe.

Ƙafa ce ke tona asirin mai zane. Yawancin tsuntsayen da ke sauka a reshe yatsu 3 gare su a gaba, 1 a baya, amma aku 2 gaba, 2 baya. Duba ko faratan sun damƙi reshen da gaske, ko kuwa ɗora su kawai aka yi. Haka wuya: zalɓe yana lanƙwashe nasa in yana tashi, shamuwa kuwa miƙe shi take yi. Da yawa kan rikita wannan.

Gashi ba sai an zana kowane ɗaya ba. Gwani yakan fito da na fiffike sosai, ya bar na ciki a lulluɓe.