Darasi na 9: Aiki da Fallen Jelatin a Kek ɗin Cuku

Akwai kek ɗin da ba ya shiga gashi. Ana haɗa cuku mai laushi da kirim da sukari, a sa a firij ya kwana, da safe a yanka shi ya tsaya cak bai zube ba. Jelatin ne ke riƙe da shi. Yau za mu koyi aiki da jelatin ɗin da ake sayarwa falle-falle.

Ku ɗauki falle ɗaya ku ɗaga shi wajen haske. Siriri ne, garai-garai kamar leda mai tauri, da layuka a jikinsa suna gicciye juna. In kun lanƙwasa shi da ƙarfi sai ya karye ƙas. Ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano. Daga fata da ƙashin dabba ake samun sa: saniya, alade ko kifi. Kun taɓa ganin romon ƙashi ya huce ya yi kauri har yana rawa a kwano? To, shi ne wannan, sai dai an tace shi an busar.

Saboda haka karatunku na farko yana jikin kwalin. Ku duba daga wace dabba aka yi shi. Wanda ba ya cin alade ya nemi na kifi, ko na saniya mai shaidar halal. Wanda ba ya cin nama kwata-kwata yana da agar-agar, da ake yi daga ciyawar teku, amma shi sai an tafasa, hanyarsa daban, kada ku bi wannan darasi da shi.

Karatu na biyu, ƙarfinsa. Ana auna ƙarfin jelatin da ma'aunin Bloom, sunan wani Ba'amurke, Oscar Bloom, wanda ya yi wa na'urar gwajin rajista a 1925. Masu yin fallen sun raba shi aji-aji da sunan ƙarafa. Na tagulla falle ɗaya ya kai kimanin giram 3.3, na azurfa giram 2.5, na zinariya giram 2. Mai ƙarfi an yi shi siriri, mai rauni an ƙara masa kauri, don falle ɗaya na kowane aji ya kama ruwa kusan daidai wa daida. Wannan dabara ta sauƙaƙa mana aiki: ƙirga falle za ku yi, ba sai kun nemi sikeli ba.

Ga abin da za ku tanada, don gwangwanin kek mai faɗin santimita 20: biskit giram 200, bota giram 90, cuku mai laushi giram 500, sukari giram 120, kirim mililita 300, ruwan lemun tsami ɗaya, da fallen jelatin 4.

Ƙasan kek ɗin ba shi da wuya. Ku daka biskit, ku narka bota ku zuba, ku cakuɗa, ku danne a gindin gwangwani da bayan cokali, ku sa a firij. Ku fito da cukun tun yanzu ku ajiye shi a waje kamar rabin awa, sanyin firij ya sake shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jiƙawa

Ku cika kwano da ruwan sanyi sosai. In ranar akwai zafi, ku jefa ƙanƙara. Ku sa fallen ɗaya bayan ɗaya, domin in kun tsoma su a haɗe za su manne, na tsakiya ya ƙi jiƙa. Ku ba su minti 5 zuwa 10.

Me ya sa sai ruwan sanyi? Jelatin yana fara narkewa a zafin da bai wuce digiri 35 ba, wato ƙasa da zafin jikin mutum. Shi ya sa yake narkewa a kan harshe. In ruwan da ɗumi, wani kaso zai narke a cikinsa, ku zubar da shi ba ku sani ba, kek kuma ya ƙi kamawa.

Idan ya jiƙu, zai yi laushi yana santsi, yana lilo a tsakanin yatsu. Ku tsamo shi, ku matse a tafin hannu sau ɗaya ko biyu, ruwan ya fita. Kada ku daɗe riƙe da shi, ɗumin hannu ma yana cin sa.

Narkarwa

Ku ɗebi cokali 4 daga cikin kirim ɗin ku ɗumama a ƙaramar tukunya. Da kun ga tururi ya fara tashi, ku sauke. Sai bayan kun sauke za ku jefa jelatin a ciki, ku juya. Cikin 'yan daƙiƙu zai ɓace. Ku ɗaga cokalin ku duba bayansa, in ba ku ga wani ɓurɓushi mai ƙyalli ba, ya narke. Kada ku bari ya tafasa. Tafasa tana rage masa ƙarfi, kuma babu yadda za a yi a dawo da shi.

Haɗawa

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi karon farko. Na fito da cuku daga firij, na juye masa jelatin mai ɗumi kai tsaye. Kafin in juya cokali sau uku, jelatin ya daskare ya zama zare-zare da gudaji. Kek ɗin ya fito da ruwa-ruwa, ga kuma wasu 'yan ƙwallaye kamar roba da ake taunawa. An ci dai, amma da cokali.

Dalilin a fili yake: da jelatin ya taɓa sanyi, nan take yake kamawa a inda ya sauka, bai samu ya bazu ba. Maganin shi ne a saba musu da juna sannu a hankali. Ku buga cuku da sukari da lemun tsami har su yi sumul. Ku ɗebi cokali biyu na haɗin ku zuba a tukunyar jelatin, ku juya sosai. Ku ƙara biyu, ku sake juyawa. Yanzu ku juye na tukunyar a babban kwano, kuna zubawa kuna bugawa, hannu ba ya tsayawa. In duk da haka kun hango gudaji, ku ɗora kwanon a kan ruwan ɗumi kuna juyawa har su narke, sannan ku tace da rariya.

Sauran kirim ɗin ku buga shi daban har ya yi kumfa mai kauri, sannan ku gauraya shi da haɗin a hankali, kuna ɗago na ƙasa zuwa sama, don iskar da ke ciki kada ta fice. Ku zuba a kan biskit, ku shafe saman, ku rufe, sai firij. Awa 6 ne mafi ƙaranci, kwana ya fi. Kada gaggawa ta sa ku kai shi firiza, in ya narke zai riƙa tsattsafo da ruwa.

Wani tarkon kuma 'ya'yan itace ne. Ɗanyar abarba, gwanda, kiwi, ɓaure da ɗanyar citta suna ɗauke da sinadarin da ke tsinka jelatin. Ko falle 10 kuka sa, ba zai kama ba. In kuna son su a ciki, ku dafa su tukuna ko ku yi amfani da na gwangwani, domin zafi yana kashe sinadarin. In ɗanye kuke so, ku ɗora a sama daidai lokacin ci.

Wajen yanka, ku tsoma wuƙa a ruwan zafi, ku goge, sannan ku yanka.

Aikin gida

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, ku rubuta su a littafinku: falle, jiƙa, matse, narke, gudaji. Sannan ku yi lissafi. Falle 4 na ajin zinariya giram nawa ne? In na azurfa ne fa? In za ku yi kek uku a rana ɗaya, falle nawa za ku jiƙa, kuma cuku giram nawa za ku fito da shi daga firij?