Yadda Ake Zaɓen Ƙananan Itatuwa Masu Fure Na Ƙasarmu Don Lambun Gida

A watan Agusta komai na wurin masu sayar da fulawa kore ne shar, shi ya sa watan ba ya nuna gaskiyar shuka. Yawancin abin da ke cikin ledojinsu baƙi ne: bugenbiliya daga Kudancin Amurka take, ikzora daga Asiya. Suna da kyau, amma da yawansu sai da ban ruwa kullum, ga shi a garuruwanmu ruwan na saye ne. Alhali dajinmu na da ƙananan itatuwa masu fure da ƙamshi waɗanda suka saba da wata bakwai ko takwas babu ɗigon ruwan sama. Ga yadda za ka zaɓa daga cikinsu.

Mataki na 1: Fita bayan gari da bazara

Je ka a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura. Duba abin da ke tsaye da ganye ko fure ba tare da wani ya ba shi ruwa ba. Wannan shi ne jerin sunayenka na farko. Ka tafi da wanda ya san daji, manomi ko maharbi ko Bafulatani makiyayi, ya faɗa maka sunan kowanne da irin wurin da yake so. Kada ka ɗauki jerin wani gari ka kawo naka. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, Damagaram kuwa a yawancin shekaru ba ta kai 500. Gauɗe da rawaya sun fi jin daɗin kudu, wajajen Zariya da Kaduna. Anza da sabara da tsattsagi su ne gwanayen arewa mai ƙarancin ruwa.

Idan fili ka saya ba ka riga ka yi gini ba, duba kututturan da ke ciki kafin lebura su tone su. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suka nuna cewa kututturen kalgo ko sabara da aka rage wa rassa, aka bar masu ƙarfi kaɗan, ya fi sabon dashe saurin tashi, domin saiwarsa ta riga ta yi nisa. Sassabin zamani suke kiran dabarar, kuma tana aiki a tsakar gida kamar yadda take yi a gona.

Mataki na 2: San ƙasar gidanka

Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe ya tsotse, ƙasarka jigawa ce ko mai tsakuwa, kusan duk itatuwan nan za su yi. Idan ruwan na kwance, laka ce, sai ka guji itaciyar karya mai kumburarren gindi, don saiwarta ruɓewa take yi a cikin danshi. Lalle ya fi ta haƙuri da irin wannan wurin.

Mataki na 3: Raba furen bisa lokutan shekara

Nan ne zaɓen yake. Kada ka tara masu fure lokaci guda, lambu ya yi wata biyu yana ado sannan ya koma ƙirare.

Don rani, karya ce kan gaba. Gindinta kumburarre ne saboda ruwan da take ajiyewa, kuma tana fitar da fure ja-ja mai fari a tsakiya a daidai lokacin da sauran suka zubar da ganye. Tana zama a tukunya, don haka ko ɗan haya zai iya ajiye ta. Sai runfu, wanda ke lulluɓe rassansa da fure ruwan ɗorawa tun ganye bai fito ba, ƙudan zuma na ta zarya a kansa. Rawaya ma da rani take fure, manya-manya a dab da ƙasa, ita ce wadda ake rini da saiwarta.

Don ƙarshen bazara zuwa farkon damina, nemi gauɗe. Furensa fari ne, sai ya rikiɗe ya koma rawaya, ƙamshinsa kuma da dare yake cika gida. A ganina babu baƙuwar fulawar da ta kai shi. Aibinsa jinkirin girma, sai mai haƙuri. Ka bambance shi da gauɗen kura, wanda ba a cin 'ya'yansa.

Da damina ɗunɗu ne abin kallo: furen na rataye kamar tuntun hula, rabinsa na sama ruwan hoda, na ƙasa rawaya. Amma yana da ƙaya, kuma yana tsiro daga saiwa ya bazu. In gidanka ƙarami ne, bar shi a daji.

Lalle da tsattsagi su ne na shinge. Suna jure aski, suna daɗewa suna fure in sun sami ɗan ruwa, ga amfanin ganyen lalle da mata suka fi kowa sani.

Mataki na 4: Tuna da yara da dabbobi

Ruwan jikin karya dafi ne, har kibiya ake shafa wa. Nonon tumfafiya na yi wa ido mummunar illa. Idan akwai ƙananan yara masu kai komai baki, ɗora karya a inda hannu ba ya kai, tumfafiya kuwa kada ta shigo gidan. Akuya na son tsattsagi ƙwarai, don haka sai an kewaye shi da ƙaya ko waya tun yana ƙarami.

Mataki na 5: Samo iri ba tare da ɓarna ba

Kada ka tumɓuke babba daga daji. Saiwarsu na da zurfi, da ka tsinke ta yawanci mutuwa suke yi, ka yi asara daji ma ya yi. Tsinci busassun 'ya'ya da rani. Ƙwayar tsattsagi da kalgo da runfu na da taurin ɓawo: zuba musu ruwan zafi, ka bar su su kwana, sannan ka shuka a leda mai haɗin yashi da ruɓaɓɓen taki. Lalle na kamawa daga reshe. Karya ma haka, sai dai ka bar yankan ya sha iska kwana biyu ko uku a inuwa kafin ka binne. Wadda aka shuka daga ƙwaya ce ke yin babban gindi. Tambayi gandun rainon itatuwa na ma'aikatar gandun daji ta jiharku, wani lokaci akan sami na gida a can da araha.

Mataki na 6: Dasa idan ruwa ya zauna

Watan Yuli ne ya fi, don shukar ta sami sauran damina ta kafa saiwa. Bar tazarar taku biyu daga katanga, ka nisanci masai da bututun ruwa. Yaga ledar ka cire ta gaba ɗaya. Barbaɗa toka a ramin saboda gara, kada kuma ka sa ɗanyen kashin shanu, shi ke jawo ta. Ranin farko kaɗai ne za ka riƙa ba su ruwa, bokiti guda sau ɗaya ko biyu a mako, a zuba da yawa lokaci guda don saiwa ta bi shi ƙasa. Yayyafin kullum saiwa yake tarawa a sama. Daga damina ta biyu sai ka janye ruwan sannu a hankali, ka rage rassan da suka bushe bayan fure ya zube.