Yadda za ka gane shanyewar ɓarin jiki kafin a isa asibiti

Jama'a, in mutum yana zaune lafiya lau sai kawai bakinsa ya karkace ko magana ta fara harɗe masa, to ba lokacin jiƙa rubutu ko cewa iska ce ta taɓa shi ba ne, minti ɗaya ya ishe ka gwada abu uku. Ka ce ya yi murmushi, ka duba ko gefe ɗaya na fuskar ya zube. Ka ce ya rufe ido ya miƙa hannu biyu gaba na daƙiƙa 10, ka ga ko ɗaya zai riƙa sauka shi kaɗai. Sai ka ba shi gajeriyar magana ya maimaita, ko da "gobe za mu je kasuwa" ne. A jami'ar Cincinnati ta Amurka aka tsara wannan gwaji a 1997 saboda ma'aikatan motar asibiti, a Ingila ma aka fito da irinsa mai suna FAST.

Ko ɗaya ne ya nuna cikin ukun a ɗauke shi, kuma a nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta CT, ba kemis ba. Ka riƙe lokacin ƙarshe da aka gan shi garau, likita zai tambaya, don allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa cikin awa 4 da rabi da farawar ciwon ake yin ta.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar, gwajin nan ba ya kama kowa. Wani bincike na jami'ar Kentucky a 2017 ya gano kusan kashi 14 cikin 100 na masu ciwon ba su nuna alamun FAST ba, da aka ƙara duba tafiya da gani sai ya sauko wajen kashi 4. Dalili shi ne in abin ya taɓa bayan ƙwaƙwalwa, fuska da hannu za su iya zama ƙalau, sai dai jiri mai tsanani farat ɗaya, tangaɗi, amai, gani biyu-biyu ko gani ya dushe. Don haka dan Allah kar ka ce ai ya ɗaga hannu, a bari sai da safe, balle dattijo mai hawan jini ko ciwon suga.

Wani lokacin kuma gwajin zai nuna alhali suga ne ya faɗi ko farfaɗiya ce, in akwai abin awon suga a gida a duba a cikin mota, amma tafiyar ba fashi.

Kar a ba shi asfirin, don wani lokacin jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa jini ke zuba, asfirin ƙara ta'azzara shi zai yi. Kar a ɗura masa ruwa ko kunu, haɗiya kan lalace ya shaƙe. In hankalinsa ya fara gushewa a kwantar da shi ta gefe. Ko alamun sun wuce bayan minti 10 ya ce ya warware, a kai shi a ranar.