Kurakuran sabbin shugabannin ƙwadago idan gwamnati ta tashi tsayar da yajin aiki

Duk reshen ƙungiyar da ya yi sabon zaɓe a Katsina, sai sabbin kwamared su maimaita ɓarnar na baya. Bakina ya gaji da faɗa a ƙofar sakatariya, shi ya sa na rubuta.

Mafi muni shi ne raina takardar kotu. Gwamnati ba sai ta turo soja ba, lauya ɗaya ya ishe ta. Za ta garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ce rayukan jama'a ko tsaron ƙasa na cikin haɗari, a ba da umarnin komawa aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yaji ranar 14 ga Fabrairun 2022, kotun ta ce a koma aji ranar 21 ga Satumba. Suka ɗaukaka ƙara, aka ce su fara bin umarnin tukuna, ranar 14 ga Oktoba suka janye. Farfesoshi ke nan fa! Amma wani sakataren da muka taɓa yi, da ya ji masinjan kotu na tafe, sai ya garƙame ofis, ya kashe waya, ya tafi ƙauye, wai ai ba a ba shi hannu da hannu ba. Aka liƙa takardar a ƙofa, aka yi zama babu mu, aka riƙe mana albashi ana shirin Sallah. Haba Malam, wannan wace irin dabara ce? Ni yanzu takarda na zuwa nake sa hannu, in rubuta rana da lokaci, in kai wa lauya kafin la'asar.

Sai wa'adi. In aikinku asibiti ne, ko ruwa, ko lantarki, Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta ce a ba da sanarwar kwana 15. Sanarwar ma ba lasisi ba ce, don gyaran dokar ƙungiyoyi na 2005 ya hana masu irin waɗannan ayyuka yaji. Saƙon WhatsApp kuwa ba sanarwa ba ne. Nakan kai wasiƙa da kaina a buga mini hatimin karɓa.

Kada ku yi wa mambobi alkawarin za a biya su kwanakin yaji. "Ba aiki, ba biya" yana nan a sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago.

Ku daina cewa sai a Najeriya. A Amurka ma, tun 1947 shugaban ƙasa na iya neman kotu ta dakatar da yaji har tsawon kwana 80.

Ƙuri'ar shiga yaji kuma a rubuta ta a ajiye, lauyan gwamnati zai tambaya.