Yadda Ake Rufe Gurbin Matuƙi Kafin a Fesa wa Ƙaramin Samfurin Jirgin Sama Fenti

Duk mai haɗa ƙananan jiragen roba irin na kamfanonin Airfix, Tamiya ko Revell ya san cewa gurbin matuƙi ake fara gamawa, domin da zarar an manne ɓarayin jikin jirgin biyu, hannu ba ya sake kaiwa ciki yadda ake so. Kujera, bel ɗinta, sandar tuƙi da allon agoguna duk sun riga sun sha fenti kafin a zo kan jikin jirgin, saboda haka feshi ɗaya da ya kutsa ciki ya isa ya ɓata aikin kwanaki. Rufe wannan rami aiki biyu ne daban: tsare bakinsa, da cike cikinsa, kuma yawancin ɓarnar da ake gani tana zuwa ne daga ƙoƙarin yin su da abu ɗaya.

A fara da baki. Abin da ya fi dacewa shi ne tef na takarda mai ruwan ɗorawa irin na Tamiya, wanda ake sayarwa da faɗin milimita 6, 10 da 18, saboda gam ɗinsa ba shi da ƙarfin da zai ɗago fenti. Salatif na ofis bai dace ba ko kaɗan. A shimfiɗa tef ɗin a kan gilashi ko tayil mai tsabta, a yanka shi sirara da sabuwar reza, kamar milimita 1 zuwa 2, domin siririn yanki yana bin lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Sai a bi gefen ramin ta ciki da waɗannan yankuna, a bar su su ɗan ɗago sama kamar katanga, sannan a danne su da tsinken sakace har sai babu wata kafa da ta rage. Wannan danniya ita ce ke ba da layi mai kaifi, kuma nan ne ya kamata a kashe lokaci.

Cikin ramin kuwa soso mai laushi ya fi komai, irin wanda ake samu a kwalin kayan lantarki. A yanka shi ya ɗan fi ramin girma, a matse shi da hantsaki a tura a hankali, shi da kansa zai buɗe ya kama bango. A jirgi mai ma'aunin 1/72, wato wanda aka rage girman jirgin gaske sau 72, guntu ɗaya kan wadatar, amma a waɗanda suka fi shi girma, masu 1/48 ko 1/32, gara a sa ƙananan guntaye da yawa a kewaye sandar tuƙi da madubin saitin bindiga, tun da waɗannan biyun ne suka fi saurin karyewa. Idan zai yiwu a jinkirta manna su, har ma da kujerar, zuwa ƙarshe, hakan ya fi. Takardar tishu da aka ɗan jiƙa ita ma tana aiki, sai dai dole a bari ta bushe kafin feshi, kuma a sake jiƙa ta kafin cirewa. Auduga kam a guje ta, domin gashinta yana maƙalewa a ɗanyen fenti.

Akwai ruwan rufi irin su Maskol na Humbrol, wanda ke bushewa ya zama kamar fatar roba. A ganina amfaninsa ya tsaya ga toshe 'yan kafofi tsakanin tef da soso. Kada a zuba shi kai tsaye cikin gurbin, saboda yana shiga lungu ya ƙi fita, ga kuma sinadarin amoniya da ke cikinsa wanda kan taɓa wasu fentin akirilik.

Idan jirgin za a bar shi a rufe ne, murfin gurbin mai garai-garai shi ne marufi mafi kyau. A rufe tagoginsa da tef, ko da yankakken tef da kamfanin Eduard na ƙasar Cek ke yi wa samfura da dama, a bar firam ɗin a buɗe, sannan a ɗora murfin da farin gam na katako, wanda ke bushewa garau kuma a iya ɓamɓare shi daga baya. Gam mai saurin kamawa, wato supa gulu, yana fitar da tururi da ke sa murfin ya yi hazo fari. Kafin launin waje, a fara fesa launin cikin gurbin a kan firam ɗin, misali kore mai toka-toka na jiragen Birtaniya irin Spitfire, domin shi ne za a hango ta cikin gilashin.

Wajen feshi, a rage ƙarfin iskar na'urar feshin, a yi shafi marar kauri sau biyu ko uku, kuma a riƙa harbawa daga kan tef zuwa waje, ba a cusa fentin ƙarƙashin bakinsa ba. Bayan shafin ƙarshe ya bushe, a bi gefen tef ɗin da bakin reza sama-sama domin a raba fentin, sannan a ja shi a hankali yana kwance da baya. Kada a bar shi makonni a jiki, musamman lokacin zafi, domin gam ɗin yana narkewa ya bar danƙo a kan murfin. Soson shi ake cirewa daga ƙarshe, guntu bayan guntu, ana duba kowanne ko ya ɗauko wani ƙaramin sashe.