Abin da za ka duba kafin ka sa hannu a lasisin gem

Wanda ya daɗe yana buga PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, a gidan gem ya san Man Red da Merseyside Red. A wancan lokacin Konami ba ta da lasisin Firimiya, dole Manchester United da Liverpool suka fito da sunan aro. Lasisi ba dunƙule ɗaya ba ne: sunan gasa daban, tambarin kulob da riga daban, fili daban, fuskokin 'yan wasa kuma galibi ta hannun FIFPRO, ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, ake samu. Jera su a takarda, ka gano mai kowanne. Da Juventus ta keɓe wa Konami nata a 2019, sunan aro Piemonte Calcio aka gani a FIFA 20, gem ɗin kamfanin EA. Ita kuwa EA, da ta raba gari da hukumar FIFA, kulob da gasa na hannunta, sai FC 24 ya fito a 2023 da Real Madrid da Arsenal cif-cif.

Sai ranar fitowa, inda aka fi yin ɓarna. Kamfanin Atari ya sa aka haɗa gem ɗin fim ɗin E.T. cikin mako biyar da ɗoriya a 1982 don a riski kasuwar Kirsimeti. Wasan ya yi kwantai, a 1983 aka binne tarin kaset a garin Alamogordo na Amurka. GoldenEye 007 kuwa, gem ɗin fim ɗin James Bond, sai 1997 ya fito, shekara biyu bayan fim ɗin, ya sayar da fiye da miliyan 8. Kada ka yarda a ɗaure ranarka da ta fim. In an matsa, rage yawan matakai tun farko, kada ka taɓa watannin gwaji, don nan ake kama kurakurai.

Sharaɗin amincewa shi ne mai cin lokaci a ɓoye. Mai suna zai so ganin kowane zane da kowace magana. A rubuta wa'adi, misali kwanan aiki 10, a rubuta cewa shiru amincewa ce, a ƙayyade sau nawa za a dawo da gyara, kuma mutum ɗaya ne zai yanke hukunci. Tambayi abin da aka haramta kafin a zana komai. Masu ƙera motoci, alal misali, sukan taƙaita yadda za a nuna motarsu ta ragargaje.

Kuɗi kashi uku ne: kafin alƙalami, mafi ƙarancin abin da za ka biya ko da ba ka yi ciniki ba, da kaso daga ciniki. A fayyace ko kason na kafin cire kashi 30 da shaguna irin Steam ke ɗauka ne ko na baya.

Lasisi yana ƙarewa. Saboda haka aka cire gem ɗin tseren motoci Forza Horizon 4 daga kasuwa a Disambar 2024. Nemi farashin sabuntawa tun yanzu, da tabbacin wanda ya riga ya saya zai ci gaba da saukewa.